Shin hoton cikin ido zai iya nuna wanda shanyewar ɓarin jiki ke tunkara?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum, 'yan zaure. Ina da tambayar da nake so likitocinmu da sauran masana su warware mini, domin abin ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Na raka yayana, wanda ya ba shekara hamsin baya, zuwa wani asibitin ido don a sauya masa tabarau, saboda rubutun Alƙur'ani ya fara yi masa dishi-dishi. Bayan an gwada shi da allon haruffa, likitar ta ɗiga masa magani a idanu biyu, muka zauna kusan rabin sa'a, sannan aka sa ya ɗora haɓarsa a kan wata na'ura. Haske ya walƙa sau biyu, sai ga hoto ya fito a kwamfuta kamar faifai mai launin ruwan goro, jajayen jijiyoyi sun barbazu a kansa kamar saiwar bishiya. Likitar ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta juyo ta ce, "Alhaji, yaushe rabon da a auna jininka?" Ya ce shi bai taɓa ciwon da ya kwantar da shi ba, balle a kai ga awo. Nan take aka auna, aka samu 176 bisa 104. Ta ce masa abin da ta gani a idonsa alama ce ta cewa hawan jinin ya daɗe a jikinsa, kuma idan bai tashi tsaye ba yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Yayana dai har yanzu bai gamsu ba, cewa yake ina ruwan likitar ido da jinin mutum. Ni kuma na ga ana yaɗa labarin cewa masana sun ƙera manhajar da ke duba hoton ido ta faɗi wanda cutar za ta kama. Shin wannan magana tana da tushe, ko kuwa irin zuzutawar kafafen sada zumunta ce?

Likitar Ido:
Wa alaikumus salam, Malam Abban Khadija. Allah ya ba Alhaji lafiya. Abin da abokiyar aikina ta yi ba sabon abu ba ne, kuma ba duba ba ne. A can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani da muke kira retina, shi ne ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Tun jariri yana ciki, wannan tantanin daga jikin ƙwaƙwalwa yake tsirowa, shi ya sa ƙananan jijiyoyin jininsa suka yi kama da na ƙwaƙwalwa a girma da kuma ƙira. Kaurinsu bai fi na gashin kai ba sosai. Kuma nan ne wurin da likita zai iya kallon jijiyar jini kai tsaye tana aikinta ba tare da an tsaga jiki ba. Duk ɓarnar da hawan jini ko ciwon suga ke yi wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye, akwai kyakkyawan zaton irinta tana faruwa a ido, inda muke iya gani.

Tun 1851 wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya fito da madubin leƙa cikin ido. A ƙarshen ƙarni na sha tara, wani likitan ido ɗan Sikotilan, Marcus Gunn, ya bayyana yadda jijiyoyin ido ke sauyawa a masu hawan jini. Akwai alamar da har yau ake kira da sunansa: a inda jijiyar da ke kawo jini ta gitta ta kan wadda ke mayar da shi, idan ta farkon ta yi tauri sai ta danne ta biyun, a ga kamar an tsuke ta da zare. A 1939 kuma likitoci uku na asibitin Mayo da ke Amurka, Keith da Wagener da Barker, suka kasa waɗannan alamomi gida huɗu, daga tsukewar jijiyoyi kawai, zuwa ɗige-ɗigen jini da wasu fararen tabo masu kama da auduga, har zuwa kumburin kan jijiyar gani. Sun lura cewa mutanen da ke gida na huɗu ba sa daɗewa a raye, lokacin da babu ingantaccen maganin hawan jini.

Maganar shanyewar jiki kanta ta samu hujja mai ƙarfi a 2001, lokacin da Tien Yin Wong da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani bincike a mujallar Lancet. Sun ɗauki hoton idon mutum 10,358 a Amurka, suka bi su kimanin shekara uku da rabi, 110 daga cikinsu suka gamu da cutar. Waɗanda aka ga ɗigon jini ko tabon auduga a idonsu, haɗarinsu ya ninka na sauran kusan sau biyu da rabi, ko bayan an cire tasirin shekaru da awon jini da suga. Wannan ƙarshen shi ne muhimmi: awon jini yana gaya maka halin da jinin yake ciki a wannan minti, ido kuwa yana nuna tabon da shekaru suka bari.

Malamin Asibitin Ƙauye:
Dakta, na karanta bayaninki da kyau, kuma ba ni da ja a kan ilimin. Inda nake da ja shi ne amfaninsa gare mu. Shekarata goma sha huɗu ina aiki a ƙaramin asibiti, inda wuta ba ta zuwa sai ta ga dama, kuma na'urar awon jinin da muke da ita guda ɗaya ce, hannunta ma an yi masa faci. Ki duba labarin Alhaji da kansa. Me ya tabbatar da matsalarsa a ƙarshe? Na'urar awon jini ce, wadda take a kusan kowane kemis, wadda minti biyu ya isa a gama da ita, ba a ɗiga magani, ba a zaman rabin sa'a, ba a buƙatar kwamfuta. Da an auna shi shekara goma da suka wuce, da ba a kai ga tabo a ido ba. Mutumin da ya haura hamsin ba a taɓa ɗaura masa abin awo a damtse ba, ba kyamarar ido ce ta yi masa ƙaranci ba.

Abin da nake tsoro shi ne mu bar jaki mu koma dukan taiki. Gobe wani zai kawo na'ura mai tsada, a yi bikin buɗewa, a ɗauki hotuna, alhali maganin hawan jini na wata guda ya gagari tsohuwar da ke zuwa wurina. Kuma ko da an gano cutar, babbar wahalarmu ba ganowa ba ce. Mutum zai sha magani mako biyu, ciwon kai ya lafa, ya ce ya warke, ya ajiye. Bayan wata shida a kawo shi a amalanke, baki ya karkace, 'yan uwa suna cewa iska ce ta shafe shi.

Injiniya Mazaunin Ingila:
Bari in amsa ɓangaren manhajar da Abban Khadija ya tambaya, tunda aikina ya shafi ƙirƙirarriyar basira, duk da cewa ni ba likita ba ne. Labarin yana da tushe. A 2018 masu bincike na kamfanin Google sun horar da kwamfuta da hotunan idon mutum 284,335. Daga hoto kaɗai ta iya kintatar shekarun mutum da matsakaicin kuskure na shekara uku da 'yan watanni, ta iya bambance namiji da mace kusan ba kuskure, abin da likitocin ido kansu ba su san ana iya gani a hoton ba, ta kuma kintaci awon jini da ko mutum yana shan taba. A 2023 asibitin ido na Moorfields da ke Landan tare da jami'ar UCL suka fitar da wata manhaja mai suna RETFound, wadda aka horar da hotuna miliyan 1.6.

Binciken da ake yaɗawa, ina kyautata zaton shi ne wanda mujallar Heart ta buga a watan Janairun 2025. An yi amfani da bayanan mutum 45,161 daga UK Biobank, wani rumbun bayanan lafiyar mutanen Birtaniya, aka bi su kimanin shekara goma sha biyu da rabi, 749 suka samu shanyewar jiki. Kwamfutar ta auna abubuwa 118 a jijiyoyin idon kowa, kamar kauri da yawa da lanƙwasa da yadda suke rassa, aka samu 29 suna da alaƙa da haɗarin. Mutanen da jijiyoyinsu suka ragu, suka yi ƙarancin rassa, su ne suka fi shiga haɗari.

Amma ga inda masu yaɗa labari ba sa kaiwa. Akwai ma'aunin da ake gwada ingancin irin wannan hasashe da shi. A ɗauko mutum biyu, ɗaya zai kamu ɗaya ba zai kamu ba, a ce wa manhaja ta nuna wanne ne. Da bayanan da likitoci suka saba amfani da su, wato shekaru da awon jini da suga da kitsen jini da shan taba, tana dacewa kusan sau 74 cikin 100. Da aka ƙara mata hoton ido, sai ta koma kusan sau 75. Ƙarin ke nan. Abin da ya fi jan hankali a binciken shi ne, hoton ido tare da shekaru da jinsi kawai, ba tare da an ɗibi jini ba, ya yi kusan daidai da tsohuwar hanyar. Saboda haka babu manhajar da za ta ce wane zai faɗi ranar kaza. Tana sa mutum ne a rukunin masu haɗari, kuma mafi yawan mutanen wannan rukunin ba za su kamu ba.

Malamin Asibitin Ƙauye:
To, Injiniya, ai ka gama yi mini aikin. Daga 74 zuwa 75, wannan shi ne abin da za a sayi kyamara dominsa? Kuma su wane ne mutanen da ke cikin wannan rumbu? Akwai Bahaushe ko Bayarabe nawa a ciki?

Injiniya Mazaunin Ingila:
Tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, Malam. UK Biobank ya tara mutum kusan 500,000 'yan shekara 40 zuwa 69 tsakanin 2006 da 2010, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 nasu fararen fata ne, galibi ma sun fi sauran jama'ar ƙasar lafiya da hali. Cikin idon baƙar fata ya fi duhu a hoto, kuma manhajar da ba ta saba ganinsa ba tana iya kuskure. Sai an gwada ta a kan mutanenmu kafin a yarda da lissafinta a kanmu. Ta farkon kuwa ba ka yi mata adalci ba. A wurin da gwajin kitsen jini ke buƙatar tafiya birni da biyan kuɗi da komawa karɓar sakamako, hoton da zai maye gurbinsa a minti biyar ba abin rainawa ba ne.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Ina gaida kowa. Ni ne ake kawo wa marasa lafiyar bayan abin ya riga ya faru, don haka bari in ɗora muhawarar a kan alƙaluman yankinmu. Akwai binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitoci 15 na Najeriya da Ghana, ciki har da na koyarwa na Kano da Zariya da Kumasi, aka buga shi a 2018. An kwatanta mutum 2,118 da suka samu shanyewar jiki da wasu 2,118 masu lafiya. Hawan jini shi kaɗai ya ɗauki kusan kashi 90 cikin 100 na alhakin cutar. A binciken INTERSTROKE na ƙasashe 32 da aka buga a 2016, kason hawan jini bai kai rabi ba sosai. Ka ga ke nan a wurinmu abokin gaba ɗaya ne babba, sauran mabiyansa ne: kitsen jini, ciwon suga, tumbi, yawan cin nama, barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, da ƙarancin cin ganye. Wannan na ƙarshen yana ba ni takaici a ƙasar zogale da rama da alayyahu.

Har ila yau, kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewar da aka duba a binciken SIREN, jijiya ce ta fashe jini ya malala a ƙwaƙwalwa, ba toshewa ta yi ba, kuma wannan kaso ya fi na Turai nesa. Irin wannan fashewar daga lalacewar ƙananan jijiyoyi take zuwa, wato ainihin irin waɗanda Dakta take gani a ido. Don haka ina ganin ido zai iya fin amfani a kanmu fiye da kan Bature, idan an yi binciken a nan.

Sai dai kada a ɗora wa ido abin da ba zai iya ɗauka ba. Akwai shanyewar da daga zuciya take tasowa, inda bugunta ya rikice, jini ya daskare a cikinta, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Mai irin wannan yana iya zuwa da ido tas, likita ya ce masa babu komai, bayan mako guda ya faɗi. Taɓa jijiyar wuyan hannu da gwajin bugun zuciya ne ke kama wannan. Babban abin da nake jin tsoro game da manhajar shi ne mutumin da za ta ce wa haɗarinsa kaɗan ne, ya tafi gida ya daina awo.

Maman Sadiq:
Likitoci, ku yi mini afuwa in sa baki, ni ba masaniya ba ce, amma abin ya faru a gidana. Shekara uku ke nan, wata ranar Laraba bayan la'asar, maigidana yana zaune a tsakar gida yana shan shayi, sai ya ajiye kofin ya ce mini, "Wai hadari ne ya taso?" Na ce masa rana ce fes. Ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya ce na dama ba ya ganin komai, kamar an sauke masa labule daga sama zuwa ƙasa. Babu ciwo, babu hawaye, idon bai yi ja ba. Kafin in ɗauko mayafina, ya ce labulen ya ɗage, gani ya dawo. Duka bai fi minti biyar ba. Muka yi dariya, muka ce gajiyar kasuwa ce, ya sayo maganin ɗigawa a kemis. Kwana tara bayan haka, da asuba, na ji shi yana kokawa da butar alwala, hannun hagu ya ƙi riƙewa, maganarsa ta zama kamar ta mai cin tuwo da zafi. A asibiti aka yi masa hoton wuya, aka ce babbar jijiyar wuyansa ta dama ta kusa toshewa da kitse. Likitan ya tambaye ni ko ya taɓa samun ɗaukewar gani, da na ba shi labarin labulen sai ya yi shiru ya girgiza kai.

Alhamdu lillahi yana raye, yana tafiya da sanda, amma hannun bai dawo ba. Tambayata ita ce, da mun je an ɗauki hoton idon a ranar, za a ga wani abu?

Likitar Ido:
Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba ki ladan jinya. Kada ki ɗora wa kanki laifi, domin mutane ƙalilan ne suka san wannan alamar. Amsar ita ce, mai yiwuwa a gani, mai yiwuwa kuma ba za a gani ba. Jijiyar da ke ba ido jini reshe ce ta wannan babbar jijiyar wuya da ke ba ƙwaƙwalwa. Idan kitse ya taru a bangonta, ɓurɓushinsa kan ɓalle ya bi jini. Wanda ya shiga ido shi ne ya sauke wa maigidanki labule, da ya narke ko ya wuce sai ganin ya dawo. Wani lokaci yana maƙalewa a mararrabar jijiya, mu gan shi a hoto yana ƙyalli, ɗan ƙarami launin ɗorawa. Wani likita mai suna Robert Hollenhorst ne ya yi bayaninsa a 1961, kuma duk likitan idon da ya gan shi ya san wuya da zuciya za a je a duba.

Amma a irin labarinku ba a jiran hoto. Labarin kansa ya isa hujja. Ɗaukewar gani farat ɗaya a ido guda, ba tare da ciwo ba, ko ya dawo ko bai dawo ba, abu ne na gaggawa da ake zuwa babban asibiti dominsa a ranar, domin haɗarin shanyewar ya fi yawa a kwanakin farko. Idan babbar jijiyar retina ta toshe gaba ɗaya, ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta bayyana a 2021 cewa wannan shanyewa ce cikakkiya, a ido kawai ta faru, kuma a ɗauke ta da irin gaggawar da ake ɗaukar ta ƙwaƙwalwa. Ki lura kuma, idon dama ne ya yi duhu, hannun hagu ya shanye, jijiyar wuyan dama ce ta toshe. Haka abin yake zuwa, domin ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa ɓarin hagu na jiki.

Ɗan Zangon Kumasi:
Dakta, a taimaka a fayyace mini. An ce wa mahaifiyata tana da hawan jinin ido, tana ɗiga magani kullum. Shi ne wannan da kuke magana a kai?

Likitar Ido:
A'a, ƙanena, sunan da muka ba shi da Hausa ne ke rikita mutane. Abin da ake kira hawan jinin ido shi ne gilakoma, inda ruwan da ke cikin ƙwayar ido kan matsa wa jijiyar gani har ta lalace a hankali. Ba jini ba ne, kuma na'urar damtse ba ta auna shi. Mama ta ci gaba da ɗiga maganinta ba fashi, sannan a riƙa auna mata jinin jiki daban. Amma tunda tana zuwa asibitin ido, ka roƙi likitanta ya gaya muku halin da jijiyoyin jinin idon suke ciki, tunda yana kallonsu ko ta yaya.

Wannan ma shi ne matsayina a kan ƙorafin Malam. Ban ce a kai kyamara kowane ƙauye ba. Amma kullum ɗaruruwan mutane suna cika Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA da ke Kano, da sauran irinsu. Dattijon da ba zai taɓa zuwa awon jini ba saboda yana jin kansa garau, da ƙafarsa zai zo idan karatu ya gagare shi. Masu ciwon suga kuma dama an ce a duba idonsu duk shekara. Waɗannan idanun an riga an buɗe su, ana kallon jijiyoyin. Asara ce a ba mutum tabarau a sallame shi ba a faɗa masa abin da aka gani ba.

Injiniya Mazaunin Ingila:
Akwai darasi daga Tailan da ya goyi bayan ku duka biyu. Google sun kai manhajarsu ta gano illar ciwon suga a ido wasu ƙananan asibitoci 11 a can, kuma a rahoton da suka fitar a 2020 sun ce manhajar ta ƙi karɓar kusan kashi 21 cikin 100 na hotunan, saboda ɗakunan ba su da duhun da ake buƙata, hotunan ba su fito sosai ba. Ga kuma jinkirin intanet da ya sa layi ya riƙa tsawo. A ɗakin gwaji manhajar gwana ce, a asibitin gaske sai ta zama wahala ga ma'aikatan jinya.

Likitar Ido:
Mu kuma muna da ƙarin cikas biyu. Na farko yanar ido, wadda binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna ita ce ke jawo kusan kashi 43 cikin 100 na makanta a Najeriya. Idan yana ta yi kauri, kyamara ba ta hango bayan ido, kuma tsofaffin da suka fi haɗarin shanyewa su ne suka fi yawan yana. Na biyu sikila, wadda ita ma tana sauya jijiyoyin retina ta hanyarta, kuma manhajar da aka horar a Ingila ba ta ga masu ita da yawa ba.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Tunda an ambaci sikila, a nan ne muke da misalin gwajin da ya yi aiki, kuma ina so a auna hoton ido da shi. Yaran da ke da sikila, kusan ɗaya cikin goma yana samun shanyewar jiki kafin ya kai shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kan yaro ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin babban haɗari. Binciken STOP na 1998 a Amurka ya nuna ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100. Da yake ƙarin jini duk wata yana da wuya a wurinmu, sai aka gwada ƙwayar hydroxyurea a kan yara a Kano, aka ga tana ba da kariya. A nan akwai awo, akwai lambar da aka tsayar, akwai abin da za a yi idan an kai lambar, kuma an tabbatar yin sa yana hana cutar. Hoton ido bai kai wannan matakin ba. An nuna yana da alaƙa da haɗari, amma sauran a nuna cewa mutanen da aka ɗauki hotonsu sun fi waɗanda aka auna wa jini kawai tsira.

Malamin Asibitin Ƙauye:
Na yarda da Dakta a kan waɗanda suka riga suka shiga asibitin ido, wannan babu asarar kobo a ciki. Kuma akwai abu ɗaya da ya sa na sassauto. Na sha gaya wa mutum jininsa 170, ya dube ni ya ce ai lamba ce, shi ba ya jin komai. Wataƙila idan ya ga ɗigon jini a cikin idon kansa, a allo, jikinsa zai yi sanyi ya riƙe maganin. Amma idan aka ba ni zaɓi gobe tsakanin kyamara ɗaya da na'urorin awo ɗari da maganin shekara, ban sauya ra'ayi ba. Roƙona ga likitocin ido shi ne su ajiye na'urar awon jini a kan teburinsu, kuma su riƙa rubuto mana abin da suka gani a takarda, domin majinyaci yakan dawo ya ce mana kawai "an ce idona da matsala".

Abban Khadija:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa yayana saƙon Maman Sadiq daga farko har ƙarshe, bai ce uffan ba, amma da daddare ya kira ni ya ce in nemo masa likitan da zai gani. Ya ce in tambayi Dakta abu ɗaya: idan ya riƙe magani, tabon da aka gani zai goge?

Likitar Ido:
Ya danganta da wanda aka gani. Ɗigon jini da tabon auduga sukan ɓace cikin makonni zuwa 'yan watanni idan jinin ya sauka ya zauna. Tauri da tsukewar da ke mararrabar jijiyoyi kuwa galibi suna nan, sai dai a hana su ƙaruwa. Kada ya jira ranar komawa asibitin ido, ya ga likita cikin wannan makon, a duba masa suga da ƙoda da kitsen jini da bugun zuciya, kuma kada ya sayi magani da kansa don ya sauke jinin da ƙarfi lokaci guda. Ku koma wurin likitar ku roƙi kwafin hoton farko ku adana a waya, domin da shi za a kwatanta na biyu. Ranar da za a sake ɗiga masa maganin kuma kada ya tuƙa mota, ganinsa zai yi hazo na wasu sa'o'i.

Abban Khadija:
An ba mu ranar Litinin da ƙarfe tara na safe. Ni zan tuƙa shi.